Baƙin Ɗakunan Baya

"Kawuna ne," in ji yarinyar, tana share hawaye. Ita ce ta huɗu da ta faɗi haka tun safe.

Zulaihatu tana raba ruwa a rumfar makoki, ta ga irin kallon da Fabian ya bi yarinyar da shi. Ƙanen mamacin ne, jiya ya iso daga gabas, kuma akwai abin da bai sani ba. Shekara shida mamacin, maƙwabcinta Baba Nnadozie, yana saukar da baƙi a ɗakuna biyu na bayan gidansa a Jos Jarawa, kwana biyu ko uku, wani lokaci har makonni, yawanci ɗalibai masu zuwa jarrabawa da masu jinya. Da aka fara bin masu masauki da haraji, sai ya cire allon ƙofarsa. Duk wanda ya sauka sai ya ja masa kunne: "Kowa ya tambaye ka, ni kawunka ne."

Fabian ya ja matar mamacin gefe, bai ko rage murya ba.

"Oluchi, ni da Yaya kaɗai uwarmu ta haifa. To waɗannan 'ya'yan wa ne? Har da wani Ashraf! Wani iyalin Yaya ya ɓoye, suka zo rabon gida?"

Oluchi ta waiga wajen kujerun rumfar. A kujerar ƙarshe akwai wani mai farar riga da biro a aljihu. Ba wanda ya san shi, kuma tun zuwansa ɗakunan baya yake leƙe. In daga ofishin haraji yake, kuma ta faɗi gaskiya, za a iya rufe mata ɗakunan da za ta ci abinci da su. In ta yi shiru, sunan mijinta ya ɓaci tun ba a binne shi ba.

Zulaihatu ta matsa kusa da mutumin, ta miƙa masa ruwa.

"Sannu oga. Yaya kuke da mamacin?"

Ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya ƙare mata kallo.

"Hajiya, ba dai daga ofis kike ba?"

"Da wannan bokitin?"

Ya sauke ajiyar zuciya. "Da aka kwantar da matata a asibiti, sati uku na yi a ɗakin can. Har kunu yake dama mini."

Zulaihatu ta juya ta gyaɗa wa Oluchi kai. Oluchi ta kwance makulli daga bakin zanenta.

"Zo ka ga inda yake saukar da su," ta ce wa Fabian.

Ta buɗe ɗakin farko. Gadon a gyare yake tsaf, kamar yadda tsohon ya bar shi ranar Talata, kafin ya rasu. A kan matashi akwai tawul a ninke, da rabin sabulu da ya yanka da wuƙa. Fabian ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hularsa.