Nonon da Alƙali Ya Sha

"Jinkiri kake nema, Sajo! Damina ta kawo kai, ka sa an ɗage mana shari'a."

"Cindo, rage murya. Bakin kotu muke."

"Ba zan rage ba!"

Maƙwabta ne a Sule Tankarkar, katanga ɗaya ta raba su. Abin da ya kawo su Gumel wata 'yar gona ce da ke tsakanin gonakinsu, kowa na cewa ta ubansa ce. Kotu ta hana kowa shuka a cikinta sai an yanke hukunci.

A ranar, sabon alƙali ne ya zauna, matashi mai tabarau. Yana faɗin sunansa da na mahaifinsa, Sajo ya ɗaga hannu, ya miƙe da ƙyar.

"Allah ya gafarta malam, ina roƙo ka sauka daga shari'ar nan. Kai ɗana ne. Kana jariri mahaifiyarka Zakiyya ta kwanta ciwo a Maigatari, matata marigayiya ce ta shayar da kai tare da ɗana Ɗalha."

Alƙalin ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon tsohon. Ya ce zai tambayi mahaifiyarsa, in haka ne zai mayar da shari'ar gaban wani. Ya tashi kotu.

Mota ɗaya Sajo da Cindo suka hau zuwa gida, kafaɗa na gogar kafaɗa. Cindo bai huce ba.

"Ban sani ba. Shi ma bai sani ba. Wa ya aike ka?"

"Ni na sani," in ji Sajo. "Yau ko gobe uwarsa za ta gaya masa. In ya ba ni, ka ce ɗana ne ya ba ni. In ya ba ka don gudun bakin mutane, ya zalunce ni. Me yaron ya yi mana da za mu ɗora masa wannan?"

Ya yi tari, ya goge baki da bakin rawani. Cindo ya juya kai wajen taga.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka. Ba a sa ranar sabon zama ba. Ta bayan katanga Cindo yana jin tarin, yana jin Ɗalha na faɗa: "Baba, gona ta zo hannunmu ka ture ta!"

Wata safiya Cindo ya shiga dubiya. Sajo na kwance a zaure, ya rame har zobensa na yawo a yatsa.

"Ka zo ka ga ko na janye ƙara?"

"Na zo in ga ko ka mutu."

"Ban janye ba, Cindo. Gonar ubana ce."

"Ta ubana ce."

Sajo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Cindo ya ɗago masa kai, ya ba shi ruwa.

Ran Talata da hantsi Sajo ya cika.

Ana shirin ɗaukar makara sai ga alƙalin, shi kaɗai, da hula ba rawani. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya sa kafaɗa aka ɗauki makarar da shi. A maƙabarta ya tuɓe takalmi, shi da Ɗalha suka karɓi gawar suka kwantar.

A hanyar dawowa suka bi ta gefen gonar. Gero ya kai gwiwa dama da hagu, ita kuwa ciyawa ce kawai. Cindo ya tsaya, mutane suka tsaya da shi.

"Ku da kuka san ni," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "da ni ne, da na ɗaga hannun nan?"