Akushin Isyaku

Jakin ne ya dawo shi kaɗai, jiƙe sharkaf, mangalar albasa ta karkace gefe guda. Saudatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube shi, ta dubi ƙofa, ba kowa a bayansa.

Mijinta Isyaku tun yana yaro yake ƙetare kogin Wudil ta mashiga ɗaya in zai ci kasuwar Juma'a, kuma da rani ruwan bai taɓa wuce masa gwiwa ba. To amma shekarun nan ne da arzikin man fetur ya shigo ƙasa, kowa a Kano sai gidan bulo. Tifofi suka yi ta kwasar yashi, suka bar ramuka a ƙarƙashin ruwa, wani ramin ko raƙumi sai ya shige. Ni da nake ba ku labarin nan na san da su, kowa ma ya sani. Ba dai mai faɗa ne, don ɗan kwangilar yashin shi ya rufa mana masallaci da kwano.

Masunta suka yi nema har suka gaji, ba gawa. Sai sarkin ruwa ya zo zaure, ya ce, "Ba mutuwa ya yi ba. 'Yan ruwa ne suka riƙe shi. Ki riƙa kai masa tuwo bakin kogi, ranar da ya yi marmarin gida za su sako shi."

*

Da damina ta matso, ta je ta durƙusa gaban wan mijinta, Halliru.

"Yaya, a yi masa salla mana, in shiga takaba."

"Salla? Ina kika taɓa ji an sallaci mai rai? Ko ke kike son kashe shi?"

"To gonar fa? Yaran nan sai sun ci."

"Ai ba a rabon gadon mai rai, Saudatu. Ni zan riƙe masa har ya fito."

Ta ce to. Kuka ma bai zo mata ba.

Haka ta zauna, jikokina, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Ba a yi mata gaisuwa ba, balle sadakar uku. Mata in sun gamu da ita a rijiya sai su ce, "Ya labarin mai gida?" Ta ce, "Yana nan." Dakau take yi, daga abin da ta samu ta yanki malmala guda.

*

Da yamma ta ajiye akushi a kan yashi kamar kullum. Wani lebura mai haƙar yashi, ruwa iya ƙugu, ya dogara shebur ɗinsa yana share gumi.

"Sannu da ƙoƙari, Inna. Amma miyar jiya gishiri ya yi kaɗan."



"Gobe zan ƙara," in ji ta. Ta ɗauki akushin jiya, an wanke shi tas, ta kama hanyar gida.