Bencin Baya

A taron farkon shekara, shugaban makarantarmu ya ce burin bana shi ne kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya ci jarrabawa. Malamai suka tafa. Ni da nake koyar da lissafi ban tafa ba, don na san 'yan bencin baya na ajina. Da ƙyar suke ganewa, amma ba sa fashi, kuma sun fara kamawa.

Washegari na hangi iyayensu a ofis, shugaba yana ta yi musu fara'a. Mutumin da ko gaisuwa da ka yake amsawa. Raina bai kwanta ba.

Ranar Litinin na tarar da kafinta yana fitar da bencin daga ajin.

"Malam, karyewa ya yi?" na tambaye shi.

"Lafiyarsa lau, Malama. Shugaba ne ya ce a kai shi ajin ƙasa."

Na wuce ofis. "Ranka ya daɗe, yaran nan fa?"

Bai ko ɗago kai ba. "Za su maimaita aji. Cewa muka yi kowa zai ci, Malama. Ba mu ce kowa zai rubuta ba."