Kek Ɗin Maman Joshuwa

Shekara tara ina tura amalankena mai gilashi zuwa bakin tashar masu zuwa Abuja, ina sayar da kek. Duk Suleja an san kek ɗin Maman Joshuwa. Ba yabon kai ba, kafin ƙarfe takwas na kaɗe tire.

Sai wata muguwar mura ta kwantar da ni bayan Ista. Na tashi, amma harshena bai tashi ba, hancina ma haka. In na tauna barkono kamar na tauna takarda. Ban gaya wa kowa ba. Wa zai sayi kek a hannun wadda ba ta jin ɗanɗano? Na ci gaba da kwaɓi da ido, na ce ai hannu ya saba.

Ciniki ya yi ta ja baya, na ɗora wa tsadar rayuwa laifi. Abin da ya riƙe min zuciya shi ne Malam Bamalli, wani dattijo ma'aikacin gwamnati, kullum sai ya sayi guda shida kafin ya hau mota. Ina cewa a raina, da kek ɗin ya lalace ai da ya daina saye.

Ran Talata wata baƙuwa ta sauko daga motar Diko, ta sayi ɗaya, ta gatsa, ta tofar a gabana.

"Madam, wannan fa? Botarki ta lalace, wari yake yi! Ba kya ji ne?"

Na taso mata da masifa har ta wuce tana tsaki. Amma fa bokitin botar nan tun watan jiya nake ɗiba a ciki.

Washegari da Malam Bamalli ya miƙo hannu, na riƙe ledar.

"Malam, don girman Allah, kek ɗin nan ya canza?"

"Wa ya ce? Ƙalau yake."

"To ci ɗaya in gani."

Ya dubi motar, ya dube ni. Ya ɓare takardar a hankali ya kai baki. Wayyo Allah, na ga yadda maƙogwaronsa ya ƙi karɓa, ya tura da ƙyar, idonsa ya kawo ruwa. Bai bar ko ɓurɓushi ba. Ya goge gemunsa.

"Madalla. Hannunki na nan, Maman Joshuwa."

Kara ce ya yi min, na sani, amma wallahi da mari ya kwaɗa min da ya fi min sauƙi. Ya karɓi ledarsa ya shige mota. Na tsaya da tire cike a gabana, ina kallon mutanen da na sani shekara da shekaru suna gaishe ni suna wucewa. Zan iya zubar da botar, in sayo sabuwa. Amma duk abin da na gasa gobe, ni ba zan san ko mene ne ba, kuma babu wanda zai gaya min.