Motar Kuba a Rundunar Japan

Ryszard yana manna wa wata 'yar motar wasa ɗan tauraro mai ruwan ɗorawa a goshi lokacin da matarsa Danuta ta shigo kicin da kwalin takalmi a hannu.

"Rysiek, ka taɓa kwalin nan?"

"Mota ɗaya na ɗauka. Girmanta ya yi daidai da sojojina."

Tun da ya bar tuƙin bas a garin Radom, bawan Allahn nan ba shi da aiki sai yayyanka kayan wasan yara. Yakan kwaso su a kasuwar Lahadi, ya jiƙa motocin a ruwan cire fenti, sojojin roba kuma ya kankare musu hula, ya naɗa musu zare a ƙwauri, su koma sojojin Japan na yaƙin duniya. Ranar Asabar su haɗu da tsofaffi irinsa a ƙasan laburare, su jefa ɗan lido, su gwabza yaƙi a kan tebur. Abin ya riga ya ɓata masa ido. In ya ga mota, tsayinta kawai yake aunawa da na soja.

"Ja ce?" in ji Danuta.

"A da ja ce."

"Ta Kuba ce."

Kuba shi ne ɗansu tilo, ya rasu a asibiti tun bai shiga makaranta ba.

"Kai ka saya masa, Rysiek. Kai da hannunka."

"Danusia, zan mayar mata da fentinta. Ina da ja iri uku."

Ta karɓi motar, ta shafa rufin da babban yatsa. Sumul.

"Ina haƙoransa?"

Sai a lokacin ya tuna. Akwai wasu 'yan ramuka a rufin, a jere. Ya ɗauka dukan tsufa ne. Ya cike su, ya bi da samfefa, ya sake bi, har ya ɗaga ta a hasken taga yana jin daɗin aikinsa. Ashe wurin da yaron yake cizo ne in ciwo ya taso masa.

Ya ɗauko allura zai tono. Danuta ta riƙe masa hannu, ba da faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

"Bar ta. Kai ta wurin abokanka, suna jiranka. Yanzu taka ce."

Da ya zauna, da ya fi. Amma bai iya zama a gaban idonta ba, sai ya kwashi sojojinsa ya hau bas.

"Kai, tsoho, wannan fa aiki ne!" in ji Leszek, abokin karawarsa, yana jujjuya motar. "Ko tabo babu. A ina ka samo?"

"A gida."

Ya ajiye ta a bayan itatuwan roba, nesa da bindigogin Leszek. Bai hana komai ba. A jifan farko ɗan lido ya ba Leszek shida.

"Ta ƙone," in ji Leszek yana dariya. Ya ɗora mata baƙar auduga a rufi, alamar hayaƙi, kamar yadda suka saba. "Bar ta nan har a tashi, doka ce."

Ryszard ya cire audugar, ya sa motar a aljihun ƙirjinsa, ya ɗauki kwat ɗinsa. Sojojin kuwa ya bar wa Leszek su a kan tebur.