Rana a Gaban Malama

Sati guda sabuwar malamar kimiyya ta yi tana shirin zuwan mai duba malamai. Aikin nata na gwaji ne. Abin da mutumin ya rubuta shi zai sa a tabbatar da ita ko a sallame ta. Darasin bakan gizo ta zaɓa. Ta koya wa 'yan ajinta har suka haddace: hasken rana na shiga ɗigon ruwa, ya lanƙwasa, ya rabu launi-launi, ya dawo wa mai kallo, shi ya sa dole rana ta kasance a bayanka.

Kullum da safe takan jera su a bayan aji suna fuskantar katanga, ta danne bakin tiyon ruwa da babban yatsa, ruwa ya yi feshi, bakan gizo ya fito tar. Ta kuma kafa musu doka, ido jajir: "Ranar da baƙo ya zo, kowa ya kama bakinsa. Wanda ya yi magana ba a tambaye shi ba, zai gamu da ni."

Shi kuwa bawan Allah bai iso ba sai da yamma.

Ta jera yaran inda suka saba, ta buɗe famfo. Ruwa ya tashi, babu komai. Ta ƙara dannawa, ta ɗaga, ta sauke, har ta jiƙa wa baƙon takalmi. Yaran na tsaye suna kare ido da hannu, ba wanda ya ce uffan. Kunya ta kama ta kamar ta nutse.

Baƙon ya kakkaɓe wandonsa, ya dubi yaran. "Wa zai gaya mini abin da ya hana bakan gizon fitowa?"

Hannuwa suka tashi, ajin kaf. "Rana ce a gabanmu," in ji wata ta layin gaba. "Sai mun juya."

Suka juya, ta fesa. Ga shi nan, ja a sama, shuɗi can ƙasa. Malama ta kasa kallon baƙon.

"Darasi ya shiga," baƙon ya ce mata a hankali. "Amma ajin da ke tsoron gyara malaminsa, ba zan sa masa hannu yau ba. Sai na dawo."

Da ya tafi ta juyo kansu. "Kun sani tun ɗazu, kuka bar ni ina wanka da tiyo?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Malama, ai ba ki tambaye mu ba."