Ƙofa Mai Ƙafa Bakwai

"Inna Furera, matso ki diba, amma kak ki ɗaga marhin!" in ji Fa'iza, tana ɗaga murya saboda ƙarar injin.

Na matsa na leƙa ta gilashin. Wani ɗan ɗigon wuta da bai kai ƙwayar gero ba yana ta gudu a kan siririn katako, baƙin layi na bin sa a baya, hayaƙi na tashi. Babu zarto, babu wuƙa, babu hannun mutum. Shekara talatin ina yanka yadi da almakashi, ban taɓa ganin yankan da ya miƙe haka ba. Na yi salati, na sake yin salati, har Harisu mai shagon ya bar aikinsa ya zo yana mini dariya.

"Lazar ake ce mata, Inna," in ji shi. "Abin da anka zana cikin ordinater, kwamfuta ke nan, shi take yankawa, ko gashi guda ba ta ƙarawa."

Fa'iza jikar maƙwabcina ce, Baba Isaka, wanda katanga ɗaya ta raba mu a Madawa. Aikinta a shagon Harisu shi ne yanka allunan kantuna da marataya makulli. Amma ranar nan taragon jirgin ƙasa take yankawa, ƙarami, tsawonsa bai wuce kamu guda ba. Da injin ya yi shiru ta buɗe, ta riƙa tura gutsattsarin da yatsa suna faɗowa: bangaye, rufi, ƙafafu takwas, da ƙofa mai zamewa. Sai ƙamshin ƙonannen itace suke yi. Na ƙulle su a gefen mayafina muka hau moto, zuciyata na tsalle kamar ni aka yi wa.

Baba Isaka yana saurayi ya tafi Ƙaura Namoda cin rani, lokacin gyaɗa. Rani bakwai ya yi yana loda buhuna a tarago. Ranar da zai fara tafiya ya yi wa amaryarsa, Gogo Cima, alkawarin zai kai ta ta ga jirgin da idonta. To, Madawa ba ta taɓa ganin dogo ba, kuma da haihuwa da fari da hidimar gona suka sa alkawarin ya kai shekara sittin. Gogo Cima kuwa ba ta raga masa ba. Duk abin da aka jira bai zo ba, ko ruwan sama ne ko ɗinkin Salla da na makara da shi, sai ta ce, "Wanga ya zama jirgin Malam." Har unguwa ta ɗauka. Shi dai dariya yake yi, amma ni da nake jin su ta katanga na san abin yana cin sa.

Bayan kaka ciwo ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, likita bai ce a sake kawo shi ba, kowa ya gane. Sai ya kira Fa'iza ya ce, "Tunda ban kai kakarki ga jirgi ba, ke ki kawo mata jirgin. Amma shi zam daidai. Ba ni son abin wasan yara."

Ya ba ta awo daga ka, ko tsayawa tunani bai yi ba: tsawo ƙafa talatin da biyu, faɗi ƙafa takwas, tsayin ƙofa ƙafa bakwai. Fa'iza ta rubuta, ta fito tana sosa kai, don ita awon metir da santi ta koya a lekol, makarantar boko, injin ma su ya sani. Ni kuma uwar iyawa na ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. Na ɗauko tef ɗina na ɗinki, na jira ya yi barci bayan azahar, na lallaɓa na auna tafin ƙafarsa daga dunduniya zuwa babban yatsa. Santi ashirin da biyar cif. Na fito ina taƙama, Fa'iza ta ninka lissafinta da shi.

Kafin mu gama haɗa taragon a tsakar gida, matan unguwa sun cika shi har bakin zaure. Fa'iza na shafa kol, wato gam, ni ina riƙe bangaye, kowane haƙori na faɗawa raminsa da ɗan ƙara, mata na guɗa. Aka tallafo Baba Isaka aka jingina shi da bango. Ya sa yatsa ya tura taragon, ya gangara a kan tabarma, sai ga hawaye a idonsa yana dariya.

"Shi na! Wallahi shi na! Cima, zo ki ga jirgin Malam!"

Gogo Cima ta zo tana goge hannu, ta duƙa ta kalla, ta yi ƙoƙarin ɓoye murnarta ta kasa. Sai Fa'iza ta fito da abin da ta ɓoye don ta ba shi mamaki: ɗan mutum na katako da buhu a ka. Kakanta ne, ta lissafa shi da tsayinsa na gaskiya, wanda ta gani rubuce a tsohon katinsa na shaida. Ta zame ƙofar, ta tura ɗan mutumin zai shiga. Buhun ya daki saman ƙofa. Ta sake turawa, ya sake daka.

"A'a," in ji Gogo Cima, ta riƙe haɓa. "Ashe da rarrahe kake shiga, Malam? Rani bakwai kana rarrahe?"

Mata suka fashe da dariya, har da ni. Shi bai yi ba. Fuskarsa ta sauka gaba ɗaya, ya riƙa kallon ƙofar nan kamar ta ƙaryata shi a gaban jama'a.

"Da gudu nike shiga, buhu bisa kai, ban taɓa duƙawa ba," ya ce a hankali. "Ƙahwa bakwai ta. Ban yi ƙarya ba, Cima."

Kunya da tausayi suka rufe ni, ban ma san laifina ne ba tukuna. Fa'iza ta buɗe takardarta, ta ce ai bakwai ɗin ta sa, ga lissafin, da awon da Inna Furera ta yi.

"Wane awo?" in ji shi.

"Na ƙahwarka, Baba," na ce. "Kana barci na auna."

Ya dube ni, ya dubi ƙafarsa da ta bushe a kan tabarma. Sai dariya ta kama shi, irin wadda ta zama tari, har aka kawo ruwa.

"Furera, kin kashe ni! Ƙahwata kika auna? Ƙahwar Ingilishi nike nuhi, ta ma'aikatan dogo! Miƙo tef ɗin ga naki. Juya bayanshi."

Na juya. Ga wasu manyan lambobi a baya, waɗanda shekara da shekaru nake gani ban taɓa tambayar amfaninsu ba. Ya ɗora farcensa a kan sha biyu ya ce nan ce ƙafa guda. Fa'iza ta leƙa ɗaya gefen ta yi ihu: santi talatin da rabi! Duk taragon ya ƙanƙance ke nan, ɗan mutumin ne kaɗai yake daidai. Gogo Cima ta ce to, sai a gani a ƙasa, amma muryarta ta yi sanyi.

Washegari ya tashi ba ya iya zama. Numfashinsa ya yi gajere, ko kunu bai karɓa ba. Fa'iza ta tsaya a bakin ɗaki tana kuka, ta rasa ko ta tafi ko ta zauna. Gogo Cima ce ta kore ta.

"Tahi ki yanko. Shina jira."

Na bi ta. Muka tarar wuta ta ɗauke, Harisu ya jawo janareta ya tayar. Lamba ɗaya kawai Fa'iza ta canza a ordinater, zanen duka ya buɗe ya girma a idonmu. Jiya ina ganin ɗigon wutar nan yana gudu, yau kuwa ji nake kamar in tura shi da hannu. Gutsattsarin na da zafi muka kwashe su.

A gefen shimfiɗarsa muka haɗa shi, ba mu jira kol ya bushe ba. Na riƙe taragon kusa da fuskarsa, Fa'iza ta zame ƙofar ta tura ɗan mutumin. Ya shige tsaf da buhunsa, har da ɗan sarari a sama.

"Kin gani?" ya ce, da kyar ake jin sa, amma idonsa na ƙyalli. "Cima, kin gani?"

Ta gurfana ta kawo fuskarta daf da ƙofar, ta daɗe tana leƙen ciki.

"Na gani, Malam. Tsaye kake shiga." Ta share ido da gefen zane. "In ka gaji fa, ina kake zama?"

Ya ɗaga yatsa, na taimaka masa ya sa shi ta ƙofar, ya taɓa kusurwar ciki ta hagu.

"Nan. In an bar ƙohwa buɗe, daga nan ana hangen hanyar gida."

Bai sake magana ba sai kalmar shahada. Ana kiran la'asar ya cika, kafin magariba maza sun kai shi.

Ranar uku, da masu gaisuwa suka ragu, na shiga kai mata fura. Tana zaune a tabarmar takaba, taragon na gabanta. Ba ta ji shigowata ba. Na ga ta sa yatsa ta tura ɗan mutumin a hankali har kusurwar hagu, ta jingina shi da bango. Sannan ta ja ƙofar, ta tsaya a rabi, ta bar ta a buɗe.